Baƙin zare a gefen gini: nazarin matsalar alfa a wani aikin renda a Zariya

Aikin kansa ba wani mai wuya ba ne. Wani ɗan kasuwa yana da fili a bakin titin da ya tashi daga Kwangila ya nufi Samaru, yana so ya gina bene hawa ɗaya: shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama, baranda mai shingen gilashi, zankwaye a kan katangar rufi irin na gidajen cikin birni, da dagi a goshin ginin. Kafin a haƙa harsashi ya nemi a nuna masa ginin zaune a kan filin nasa na ainihi, a buga a bana mai faɗin ƙafa 12 da tsayin ƙafa 8, a kafa a bakin titi saboda masu neman haya. Ƙaramin ofishin zanen gine-ginen da ya ba aikin ya gina siffar a manhajar Blender, ya yi renda, wato ya sa kwamfuta ta fitar da hoton siffar kamar na gaske, da injin rendar Blender mai suna Cycles, a fiksel 6000 sau 4000. A bana mai wannan girman ya kama kusan fiksel 42 a kowane inci, wanda ya isa ga abin da za a kalla daga tsallaken titi. Hoton filin da waya aka ɗauke shi a watan Janairu, cikin hazon hunturu, sama ta yi fari fat. A Photoshop aka haɗa biyun.

Da samfurin ya je hannun mai fili, tambaya ɗaya ya yi: "Injiniya, wa ya zizara wa ginin nawa kwalli?" Bai yi ƙarya ba. Wani siririn baƙin zare ya bi gefen ginin ya zagaye shi kaf, ya fi muni a tsinin zankwaye da ƙarafan tagogi. Da aka buɗe hoton a babban allo aka ƙura masa ido, sai ga wasu aibobin da Alhajin bai ma lura da su ba. Ta cikin gilashin baranda ana hango shuɗiyar sama da gizagizai, alhali ko'ina a hoton hazo ne. Turken lantarki da ke bayan filin yana leƙowa dishi-dishi ta cikin bangon siminti. Darbejiyar da aka dasa a gaban ginin ta yi baƙaƙen tabo a tsakiyar ganyenta. A hoto na biyu kuma, na bayan magariba, fitilun gaban shaguna suna kunne, amma hasken da ke bazuwa kewaye da su, wanda kowa ya gani a Blender, ya ɓace.

Matashin da ya haɗa hoton ya fara da abin da kusan kowa ke farawa da shi. Ya ɗauki magogi ya bi gefen bango yana kankarewa, ya sa Defringe, mai goge baƙon launin gefe, a fiksel 2, ya kuma matse marufin leyar, wato hoton baƙi da fari da ke faɗin inda leyar ginin za ta fito da inda za ta ɓuya, da Levels har toka-tokan da ke cikinsa ya koma baƙi ko fari. Zaren ya ragu, turken ya daina leƙowa. Amma zankwaye sun dakushe, ƙarafan tagogi sun tsinke nan da can, gefen rufin ya yi haƙora-haƙora, ganyen darbejiya ya dunƙule. An cinye jikin ginin ne don a ɓoye alamar ciwo, shi kuwa ciwon yana nan. Don haka aka ajiye wannan fayil ɗin gefe guda, aka koma kan na asali.

Gwajin bango uku

Kafin a taɓa komai, an cire hoton filin daga ƙarƙashin ginin, aka sa leya uku masu launi ɗaya ɗaya a madadinsa: baƙi, fari, da ruwan hoda mai tsananin ƙarfi, wato ja 255, kore 0, shuɗi 255. Aka zuƙo tsinin zanko ɗaya zuwa kashi 800, ana kunna leyoyin bi da bi. A kan baƙi zaren ya ɓace ɗungurum, gefen ya yi sumul. A kan fari ya fito ɓaro-ɓaro. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa fiksel ɗin gefe sun riga sun sha baƙi tun kafin su iso Photoshop. Da a kan fari ya ɓace ya bayyana a kan baƙi, to da farin bango aka cakuɗa su. Da a kan dukkansu ya bayyana da wani launi nasa, misali shuɗi-shuɗi, to tsohuwar samar da aka yi renda a kanta ce ta maƙale a gefe. Ruwan hodan kuma shi ya tona asirin bango: simintin da ya kamata ya toshe komai sai ga shi ya ɗauki hoda-hoda.

Hazon hunturu ne ya sa aibin ya fito haka. Da a kan duhun itatuwa ko samar damina mai hadari aka ɗora ginin, da wataƙila hoton ya wuce ba wanda ya ce uffan. Farar sama ba ta ɓoye baƙin gefe.

Daga nan aka danna Alt tare da ɗan hoton marufin leyar don a ga marufin shi kaɗai, aka buɗe Info da F8, aka ɗora kibiya a tsakiyar bango. Wurin da ya kamata ya nuna 255 yana nuna wajen 200. Wato bangon bai kai kashi 80 cikin 100 na toshewa ba.

Da aka bi sawun fayilolin, labarin ya fito. An kunna Transparent a ƙarƙashin Film yadda ya kamata, don haka a cikin Blender bayan ginin wayam yake. Amma a kwanakin gwaji an riƙa fitar da ƙananan samfura a JPEG, wanda ba ya ɗaukar alfa sam, wato bayanin inda hoto ya toshe da inda yake wayam, kuma da aka mayar da tsarin fitarwa zuwa PNG, zaɓin launi ya zauna a RGB, tashoshi uku na ja, kore da shuɗi, bai koma RGBA mai ƙarin tashar alfa ba. Idan aka ce wa Blender ya adana hoto mai alfa a tashoshi uku kawai, sai ya shimfiɗa shi a kan baƙi. Washegari da aka ga bayan ginin baƙi ƙirin, an riga an rufe manhajar, rendar da ke ƙwaƙwalwar kwamfuta ta tafi. Sai matashin ya yi dabara: ya sake renda mai sauri, ya jona mafitar Alpha zuwa Composite, ya adana ta a matsayin hoton baƙi da fari, ya manna ta a marufin leya. Dabarar ba ta banza ba ce, mutane da yawa na yin ta. Sai dai ta haifi aibi biyu a lokaci guda.

Na turken lantarki shi ne mai sauƙin bayani. Alfa ba launi ba ce, adadi ce daga 0 zuwa 1 da ke faɗin yawan abin da fiksel ya toshe. Da aka adana ta kamar hoto, sai ta ratsa ta cikin Filmic, tsarin da ofishin ke amfani da shi wajen juya hasken renda zuwa abin da allo zai nuna. Filmic yana ajiye farin ƙarshe ne don haske mai tsanani ƙwarai, saboda haka 1.0 ba ya fitowa fari fat, toka mai haske yake fitowa. AgX, tsarin da ya maye gurbin Filmic ya zama na asali tun daga Blender 4.0 a 2023, shi ma haka yake yi. Ko Standard ma bai tsira ba: zai ba da 255 a tsakiyar bango, amma zai ɗaga 0.5 zuwa wajen 188 maimakon 128, gefe ya kumbura. Duk lokacin da dole sai an fitar da alfa ita kaɗai, da Raw ake fitar da ita. Mafi alheri dai a bar ta a tasharta ta huɗu, inda ba abin da ke taɓa ta.

Lissafin da ke ƙarƙashin zaren

Na baƙin zaren yana buƙatar a ɗan zauna a kansa, domin shi ne wanda ke dawowa a aiki bayan aiki.

A ɗauki fiksel ɗaya a gefen zanko, wanda gini ya rufe rabinsa, rabi kuma sarari ne. Alfarsa 0.5. A ce hasken fentin 230 ne, na hazon da ke baya 200. Abin da ido ke jira shi ne rabin wannan da rabin wancan: 115 a tara da 100, ya ba da 215. Hanya biyu ce ta adana wannan fiksel. Ta farko a rubuta launin tsantsarsa, 230, a ajiye 0.5 a gefe, a bar wa manhajar da za ta haɗa hoton ta yi ninkin da kanta. Ita ce manhajoji ke rubuta wa Straight. Ta biyu a yi ninkin tun a gida, a rubuta 115 tare da 0.5 ɗin, mai haɗawa ya rage bango kawai ya tara. Ita ce Premultiplied. Kowacce daidai take muddin mai karɓa ya san wacce aka miƙo masa.

Hoton da aka shimfiɗa a kan baƙi ninkakke ne, domin rabin 230 da rabin sifili 115 ne. Marufin leya a Photoshop kuwa ɗauka yake launin da ke ƙarƙashinsa tsantsa ne, sai ya sake ninkawa. Rabin 115 ya zama 57, a tara da 100 na bango, ya ba da 157. Fiksel ɗin da ya kamata ya tsaya tsakanin 230 da 200 ya faɗo ƙasa da su biyun. Jerin irinsa a gefen gini shi ne zaren. An sauƙaƙa lissafin nan, ba a sa lanƙwasar da allo ke yi wa haske ba; ita za ta ɗan canja adadin, amma ba za ta canja inda ya karkata ba. Idan kuskuren ya juya, aka ɗauki tsantsan launi a matsayin ninkakke, sai a tara 230 da 100, ya haura 255, gefen ya yi farin zobe mai ƙyalli.

Wannan ne ma dalilin da zankwaye da ƙarafan tagogi suka fi shan wahala. Faffaɗan bango fiksel ɗin gefensa kaɗan ne idan aka gwada da na cikinsa. Ƙarfen da faɗinsa bai wuce fiksel 2 ba kuwa kusan dukkansa gefe ne, ba shi da ciki, don haka ɗungurum yake yin duhu, kuma Defringe na fiksel 2 ɗungurum yake cinye shi.

Rabuwar hanyoyin biyu tsohuwa ce. Thomas Porter da Tom Duff, suna aiki a Lucasfilm a Amurka, su suka shimfiɗa lissafin haɗa hotuna da ninkakken launi a 1984, kuma injinan renda a kansa suke har yau. OpenEXR, tsarin fayil ɗin hoto da kamfanin dabarun fim na ILM ya saki ga jama'a a 2003, ninkakke yake adanawa. PNG kuwa, tun ƙa'idarsa ta 1996, tsantsa yake adanawa. Duk wanda ke kai hoto daga injin renda zuwa manhajar gyaran hoto yana tsallaka wannan iyakar ne, ya sani ko bai sani ba. Masu aikin bidiyo sun fi sabawa da ita, domin After Effects yana tambaya ƙarara a Interpret Footage. Photoshop ba ya tambaya.

Da zaren ne kaɗai matsalar, akwai gyaran gaggawa. A gyara farin marufin ya kai 255, a yi Apply Layer Mask don marufin ya zama ainihin shara-sharan leyar, sannan a shiga Layer, Matting, Remove Black Matte. Wannan yana raba launin gefe da alfarsa, wato yana warware ninkin farko, ba ya yanke komai. An gwada, ya kawar da mafi yawan zaren. Bai share shi tas ba, domin ninkin farko a hasken liniya, wanda ba a lanƙwasa don allo ba, aka yi shi cikin Blender, warwarewar kuma a kan launin bit 8 da aka riga aka lanƙwasa, sannan shi kansa marufin Filmic ya gurɓata tsaka-tsakinsa. Ga hoton da za a tura a waya ya isa. Ga bana mai ƙafa 12 bai isa ba, kuma dama sauran aibobin ba a Photoshop maganinsu yake ba.

Gilashi da ganye

Hanyar gane aibin da aka haifa tun a renda ita ce a buɗe hoton a Blender kansa, a sauya nuni tsakanin Color da Alpha. A nunin alfa, gilashin baranda fari ne fat, daidai da siminti. Cycles yana ɗaukar gilashi mai karya haske a matsayin abu mai toshewa. Transparent na Film yana share samar da kyamara ke gani kai tsaye ne kawai, wadda aka gani ta cikin gilashi tana nan daram. Samar kuwa hoton kewaye ne da aka sauko da shi daga intanet don haskaka ginin, mai shuɗi da gizagizai na wata ƙasa. Maganinsa akwatin Transparent Glass da ke nan ƙarƙashin Film. Tare da shi akwai Roughness Threshold, wanda ke kan 0.1 tun asali: gilashin da kaushinsa ya haura wannan adadi ba zai zama shara-shara ba. Tagogin bayi na gefen ginin an yi musu gilashi mai dishi-dishi a 0.3, kuma an bar su haka da gangan, tunda ba a son a ga komai ta cikinsu. An kuma rage shuɗin hoton kewayen sosai, domin ko an gyara alfa, gilashi zai ci gaba da nuna hoton samar da ke haska shi.

Tabon darbejiya dabam yake da duk waɗannan. Ganyen ba siffar ganye aka gina ba, ƙananan falle ne masu kusurwa huɗu da aka manna wa hoton ganye mai alfa. Hasken da ya fito daga kyamara sai ya ratsa wayam ɗin falle bayan falle kafin ya fita. Cycles yana ƙirga wannan ratsawar, kuma iyakarta ta asali 8 ce, a Light Paths, Max Bounces, Transparent. Inda ganye ya yi cunkoso aka haura takwas, sai hasken ya tsaya, wurin ya fito baƙi kuma a toshe. An ɗaga adadin zuwa 32, tabon tsakiya ya rage kaɗan. A 64 ya ɓace. Lokacin renda ya ɗan ƙaru, ba wani mai yawa ba.

Tunda wuta ba ta da tabbas kuma kwamfutar ofishin ta tafi-da-gidanka ce, ba a yi gangancin sake cikakkiyar renda don gwada kowane gyara ba. An ja Ctrl da B, wanda ke taƙaita renda ga yanki ɗaya, a kan baranda, aka gwada. Aka ja a kan bishiya, aka gwada. Sai da kowanne ya tabbata aka saki babbar renda sau ɗaya, zuwa OpenEXR MultiLayer, Float Half, matsi na ZIP wanda ba ya zubar da komai. Hoto mai fiksel miliyan 24 da tashoshi huɗu a bit 16 ya kai megabait 192 kafin matsi, kowane ƙarin zubi kuma, wato ɓangaren renda da ake fitarwa shi kaɗai kamar inuwa, da nasa nauyin. Wurin ajiya ya fi man janareta araha.

Abin da alfa ba ta iya faɗa

Bayan Transparent Glass, an fitar da PNG na gwaji, wannan karon RGBA. Zaren ya tafi, domin Blender da kansa yake warware ninki idan zai rubuta PNG. Hazo ya bayyana ta cikin baranda. Amma gilashin ya mutu, ƙyallin da ke nuna cewa akwai gilashi a wurin ya dushe, har shingen ya zama tamkar ƙarfe ne kawai ba komai a tsakaninsa.

A tsarin tsantsan launi, fiksel ba zai iya ƙara hasken da ya wuce abin da ya toshe ba. Ƙyallin gilashi kuwa haske ne da ke hawa kan bango ba tare da ya toshe shi ba. A ce ƙyallin 0.3 ne, alfar gilashin 0.05. Don a rubuta shi a PNG sai an raba 0.3 da 0.05, ya ba da 6. PNG ba ya ɗaukar abin da ya haura 1, sai ya datse a nan. Wajen haɗawa a ninka 1 da 0.05, a samu 0.05. Kashi biyar cikin shida na ƙyallin ya zube a hanya. Mayar da fayil ɗin bit 16 ba ya taimakawa, domin matakai yake ƙarawa tsakanin 0 da 1, ba ya ɗaga rufin.

Hasken fitilun magariba shi ne ƙarshen wannan matsalar. Glare, a nau'in Fog Glow, yana baza haske zuwa fiksel ɗin da alfarsu sifili ce. A ninkakken tsari wannan halal ne: launi yana nan, toshewa babu, sai a tara. A PNG komai aka ninka da sifili sifili ne. Hayaƙi mai haske, harshen wuta da tartsatsi duk haka suke ɓacewa. Buɗe EXR a Photoshop ma ba ya tserar da su idan aka zaɓi As Transparency, domin nan take yake mayar da su tsarin leyarsa. As Alpha Channel ne ke barin launin yadda yake, ya ajiye alfa a gefe.

Inuwa kuma akasin haka ce, rage haske take yi. An shimfiɗa falle a ƙasan ginin aka mai da shi Shadow Catcher, wato fallen da ba a ganinsa, inuwar da ta faɗa masa kawai yake kamawa. Idan ba a kunna zubinsa na musamman ba, Cycles yana kwatanta inuwar da baƙi mai 'yar alfa, kuma a hoton farko wannan ya bar wani mayafi mai alfa 3 zuwa 5 cikin 255 har bakin fallen, inda ya yanke a miƙe a tsakiyar fili. Ido ba ya kama shi a allon waya, amma da aka matse Levels na gwaji sai ga murabba'insa. An faɗaɗa fallen har ya fita daga ganin kyamara, an ba shi launin jar ƙasar wurin don hasken da ke dawowa kan gindin bango ya ɗauki ja-ja, an kuma kunna zubin Shadow Catcher a Passes. Wannan zubin ninka shi ake yi da hoton fili, ba ɗora shi ake yi ba. An kuma buɗe Angle na rana daga 0.526 zuwa wajen digiri 6, saboda inuwar turken da ke hoton filin bakinta a narke yake, kamar yadda inuwa take a hazo. Wannan ba batun alfa ba ne, amma inuwa mai kaifi a ranar hazo tana tona haɗi fiye da kowane zare.

Haɗawa da miƙawa

Saboda waɗannan ukun, ƙyallin gilashi, hasken fitilu da inuwa, aka ɗauke haɗin daga Photoshop aka mayar da shi cikin Blender, inda lissafi ninkakke ne kuma liniya. Jerin ya tafi haka. Hoton fili ya shiga ta Image, ya bi ta Scale a kan Render Size. Aka ninka shi da zubin inuwa ta Mix a kan Multiply. Sakamakon ya shiga ramin sama na Alpha Over, mai ɗora hoto a kan hoto, ginin ya shiga na ƙasa. Glare ya zo bayan Alpha Over, ba gabansa ba, don hasken fitila ya bazu a kan hazo da ƙasa na gaske. Akwatin da yawancin sigogin Blender suka rubuta wa Convert Premultiplied a jikin Alpha Over an bar shi a kashe. Aikinsa ninka abin da ya zo tsantsa ne. Rendar Cycles ta riga ta ninku, kunna shi zai dawo da baƙin zaren da aka sha wahalar kora. Mutane da yawa suna kunna shi ne don sunansa ya yi kama da magani.

Tarko ɗaya ya rage a nan. Filmic zai bi ta kan hoton filin ma, wanda waya ta riga ta gama sarrafa shi, sai ya fito a kwance ba armashi. An sa Color Space na hoton a Filmic sRGB, wanda aka tanada don irin wannan, ya shiga ya fita kusan yadda yake.

Daga nan aka fitar da hoto guda shimfiɗaɗɗe, bit 16, ba alfa, aka kai Photoshop don daidaita launi da ƙara mutane da motoci. Biyu daga cikin hotunan mutanen da aka sauko da su na bogi ne: ɗaki-ɗakin toka da fari da ke nuna wayam zana shi aka yi a jikin hoton. Ɗora su kan leyar ruwan hoda ya nuna haka nan take, aka watsar da su.

Wurin mai buga bana an kai TIFF guda, leya ɗaya, da rubutun haya da lambar ofis duk a shimfiɗe a ciki. Dalili shi ne idan aka kai abubuwa masu shara-shara a CorelDRAW, wasu RGB wasu CMYK, wajen shimfiɗa su don bugu akan samu wani dishi-dishin akwati kewaye da abin da ke da inuwa, wanda ba a gani a allo sai a kan leda. Kuma injin bana na yau da kullum ba shi da farin tawada. Inda babu launi farar ledar ce za ta fito. Shara-shara ba ta da ma'ana a wurinsa, gara a yanke hukuncin kowane fiksel tun a ofis.

Alhaji ya kuma nemi ginin shi kaɗai ba bango, don yaronsa ya sa a takardar talla. Nan dole PNG, tunda shi CorelDRAW da manhajojin waya suka sani. An ba shi RGBA kai tsaye daga Blender, aka ɗan ƙara wa gilashin baranda duhu da toshewa zuwa wajen 0.25 don ƙyallinsa ya samu wurin zama, aka haɗa masa hasken fitilu a fayil dabam a kan baƙi, da bayanin a ɗora shi da Screen ko Add. Turawar farko ta WhatsApp ta iso da baƙin bango, domin abin da aka tura a matsayin hoto manhajar tana matse shi ta mai da shi JPEG, alfa ta zube. Aka sake turawa a matsayin Document, ya isa yadda aka fitar da shi.

Abu ɗaya bai gyaru ba, kuma ba a ɓoye wa mai aikin ba. Transparent Glass yana barin bango ya wuce ne a miƙe, ba ya karya shi yadda gilashi mai kauri ke yi, tunda hoton filin ba ya cikin renda lokacin da ake bin haske. A shimfiɗaɗɗen gilashin baranda mai hazo a bayansa bambancin bai kai a damu ba. Da kwalba ce, ko gilashi mai lanƙwasa da gine-gine a bayansa, da sai an sa hoton filin a kan falle a bayan ginin cikin Blender, an kashe Transparent Glass, an yi rendar wannan yankin tare da shi.